Ido Ba Mudu Ba Ne: Lissafin Nauyin Jif Da Tirelarta Kafin A Fita Kashta

Da zarar sanyin Murabba'aniyya, wato kwana arba'in ɗin tsananin hunturu, ya shigo a farkon Disamba, hirar majalisa a Rusaifa da Sharar Mansur, a nan Makka, takan koma ta fita daji. Larabawa suna cewa kashta, mu ma kashta muke cewa, don ba mu da wata kalmar da ta fi ta zama a baki. Wasu su nufi Asfan su kwana ɗaya su dawo, wasu su haura Ɗa'if su miƙa har ramin Wahba, wanda ke da nisan kilomita kusan 250 daga Ɗa'if, masu dogon hutu kuma su yi arewa zuwa Ula ko Tabuk. A wannan lokaci duk mai jif ango ne a dangi. Kowa yana son a tafi da shi, kuma kowa yana da abin da ba zai iya bari a gida ba.

Wani daren Alhamis na tarar ana loda motar kawuna a ƙofar gida. An jera jarkokin ruwa, an cusa hema da kafet uku, ga akwatin azba, wato na kayan girki, da butocin gahawa, ga tukunyar gas, ga firij, a baya kuma an maƙala ƙaramar tirela irin wadda ake ce wa araba a nan. Da aka kunna fitila sai na ga haskenta yana dukan benen maƙwabta maimakon kwalta. Bayan motar ya durƙusa, gabanta ya ɗaga kai kamar raƙumin da ke shirin miƙewa.

Na ce, "Kawu, motar nan fa ta zauna."

Ya dube ni ya yi dariya. "Kai ɗan nan, Land Cruiser ce fa. Tan uku da rabi take ja. Wannan ɗan tarkacen ne zai dame ta?"

Kawu bai yi ƙarya ba. Tan uku da rabi shi ne adadin da ake bugawa ga irin motarsa a Ostireliya da Turai, idan tirelar tana da birkinta. Sai dai ya ɗauko amsar wata tambaya ya ba wata. Abin da mota za ta ja daban, abin da za ta ɗauka a gadon bayanta daban, kuma na biyun ne yake fara cika tun kafin a je ko'ina kusa da na farkon.

Kowace mota tana fitowa daga masana'anta da iyakoki da dama, ba guda ɗaya ba. Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, ko ka leƙa ƙarƙashin bonet, za ka ga wani ɗan faranti ko takarda mai lambobi. Akwai cikakken nauyin da aka yarda motar ta kai da komai da kowa a cikinta, wanda ake yi wa alama da haruffan GVW ko GVM. Akwai iyakar aksil ɗin gaba, akwai ta aksil ɗin baya. A littafin motar kuma za ka sami nauyin tirelar da za ta iya ja, da nauyin da aka yarda ya sauka a kan ƙwallon da ake maƙala tirela, da abin da rufi zai ɗauka, sau da yawa har da jimillar mota da tirela a haɗe. Ita ma tirelar da nata farantin. Istimara, wato takardar rajistar mota, tana nuna nauyin mota da adadin mutanen da aka yi mata rajista da su, amma ba ta rarrabe maka waɗannan duka. Inda gizo ke saƙar shi ne dole a kiyaye su gaba ɗaya a lokaci guda. Wanda ya tsaya cikin biyar ya ƙetare ta shida, ya yi obalodi ke nan.

Mu ɗauki misali da lambobi masu sauƙin lissafi, kusa da na manyan jif-jif da muke hawa. A ce cikakken nauyin da aka yarda shi ne kilo 3,300, motar kuma ita kaɗai da manta tana da kilo 2,600. Saura kilo 700. Wannan 700 ɗin shi ne duk abin da kake da shi, kuma direba ma a ciki yake, ba a ware masa nasa ba.

Yanzu a shiga. Maza biyu masu kilo 80 kowanne, mata biyu masu 70, yara uku masu 35: kilo 405 ya tafi, ba a ɗauki ko cokali ba. Ruwa jarka biyar ta lita 20, kilo 100 cif, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ba ragi. Tukunyar gas cike, kilo 25 ko sama da haka, tunda ƙarfen ya fi gas ɗin da ke ciki nauyi. Azba da shinkafa da nama da sauran cefane, 50. Firij da abin da ke cikinsa, 40. Hema da kafet da barguna, 60. Itace da gawayi, 30, kuma na shigo da su daga waje nake nufi, don itacen ƙasar nan an haramta sararsa da safararsa, jami'an kare muhalli kuwa ba sa wasa da wannan. Haɗa duka: 710. Mun riga mun wuce, alhali ba janareta, ba ƙarin fetur, ba akwatin kayan gyara, ba jakunkunan tufafi, ba kuma ragon da wani lokaci ake ɗaurewa a can baya.

Akwai kuma nauyin da ba a gani saboda ya zama jikin mota. Bamba ta ƙarfe da aka sa a gaba da injin janyo mota idan ta kafe, su biyun sukan kai kilo 80 zuwa 100. Batir na biyu don firij, kusan 30. Kariyar ɗora kaya a kan rufi, da akwatunan aljihu a but, da taya ta biyu ta safaya, da manyan tayoyin da suka fi na kamfani nauyi. Mai mota yana ganinsu kullum har ya daina lissafa su, amma duk daga cikin 700 ɗin nan suke ci. Shi ya sa jif ɗin da aka fi ƙawatawa don daji ita ce ta fi ƙarancin wurin lodi a lissafi. Ko man da ke tanki a kula da shi: Land Cruiser ƙirar 200 mai tanki biyu tana shan lita 138, fetur ɗin kaɗai ya haura kilo 100, kuma ba kowace takarda ce ke lissafa nauyin mota da cikakken tanki ba. A Ostireliya akwai adadin da suke bugawa da lita 10 kacal a ciki. Wanda ya kwafo lamba daga intanet bai duba wace iri ce ba, ya ba kansa kilo kusan ɗari da babu shi.

To, sai mutum ya ce ai shi ya sa na sayi tirela, in kwashe kayan daga mota in zuba a can. Dabara ce mai kyau, amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Tirela ba ta tsayawa da ƙafafunta kaɗai. Wani kaso na nauyinta yana sauka a kan ƙwallon da ke bayan motar, kuma wannan kason lodi ne a kan mota, daidai da a ce wani ƙato ya hau bamba ta baya ya zauna. A Ostireliya ana neman ya kai kusan kashi 10 cikin ɗari na nauyin tirelar, a Turai ana barinsa ƙasa da haka kaɗan. Tirela mai kilo 1,500 da kayanta za ta ɗora wa motarka kusan 150. Koma lissafinmu: mutane 405, ƙwallo 150, ƙarfen jan da kansa 25, bamba da injin janyowa 90. Ya zama 670. Duk kaya suna tirela, cikin mota ba komai sai mutane, amma abin da ya rage maka kilo 30 ne. Jakar Gwaggo kaɗai ta cinye shi.

Nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin wannan 150 ɗin ba a matsayin 150 yake isa tayoyin baya ba. Ƙwallon yana can bayan aksil, da tazara. Duk wanda ya taɓa ɗaga dutse da sanda ya san cewa tsawon sanda yana ƙara ƙarfi. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Land Cruiser mita 2.85 ne, tun daga ƙirar 80 har zuwa 300 ba su canza shi ba. Daga aksil ɗin baya zuwa ƙwallo kuma a ce mita 1.4, wato kusan rabin wancan. Sakamakon shi ne duk kilo 100 da ya sauka a ƙwallo, aksil ɗin baya yana jin kusan 150, na gaba kuma ana sauke masa kusan 50. Kilo 150 ɗinmu ya zama 225 a baya, gaba ya rasa 75. Abin da ya ɗaga fitilar Kawu sama ke nan. Kuma ba fitila kaɗai ba. Tayoyin gaba su ne ke juya mota, su ne kuma ke yin mafi yawan aikin birki. Idan aka rage musu nauyi, riƙonsu ga kwalta ya ragu, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannu, direba ya riƙa jin kamar motar tana iyo. Saboda haka a yawancin motocin kashta, iyakar da ake fara ƙetarewa ita ce ta aksil ɗin baya, kuma ita ce wadda kusan ba wanda ya san lambarta.

Fatake na da sun san wannan ilimi ba tare da faranti ba. Madugu ba ya barin a ɗora wa jaki mangala gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya, ba ya kuma yarda kaya su zame zuwa kuturi. Kakanninmu da suka taka daga Kano da Sakkwato suka ratsa Sudan har Sawakin, da idonsu da tafin hannunsu suke auna kaya, dabbar kuma idan an zalunce ta takan durƙusa ta ƙi tashi. Mota ba ta ƙin tashi. Injin zamani yana da ƙarfin da zai figi lodin da ya ninka abin da birki da taya za su iya riƙewa, shi ya sa direba yake jin komai lafiya lau har zuwa lokacin da zai buƙaci tsayawa.

Wasu, da suka ga bayan mota ya zauna, sai su mayar da kayan tirela can ƙarshenta don ƙwallo ya yi sauƙi. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Tirelar da nauyinta ya taru a baya takan fara kaɗa wutsiya idan gudu ya yi yawa, dama da hagu, kowane kaɗawa ya fi na baya faɗi, har ta juya motar da ke janta. Abin da ke tayar da ita ba ya da yawa: iskar babbar mota da ta wuce ka, ko guguwar gefe a filin da ke tsakanin Ɗa'if da Riyad, ko ɗan karkata sitiyari don kauce wa yagaggiyar taya a hanya. Kaya masu nauyi, ruwa da gas da batir, wurinsu ƙasa-ƙasa a kan aksil ɗin tirelar ko ɗan gaba da shi kaɗan. Tankin ruwa rabi ya fi cikakke fitina, saboda ruwan yana tambal-tambal yana tura tirelar gefe. Idan kuwa ta fara kaɗawa, taka birki da ƙarfi ƙara mata wuta ne. A ɗage ƙafa daga totur a hankali, a riƙe sitiyari a miƙe, in tirelar tana da birkin lantarki mai maɓalli a gaban direba a matsa nata ita kaɗai, ta ja motar ta miƙe.

Maganar birkin tirela kuwa, a nan ne na fi jin tsoron arabobin da ake ƙerawa a sana'iyya, unguwar maƙera da kanikawa. Maƙeri zai haɗa maka mai kyan gani, da akwatuna da wurin girki da tankin ruwa, amma ba birki, ba faranti, ba wanda ya taɓa ɗora ta a sikeli. A Turai da Ostireliya tirelar da ba ta da birki ba ta wuce kilo 750 da kayanta, kuma littattafan manyan jif-jif da yawa a kan wannan adadi suke tsayawa. Ostireliya ta ƙara da cewa wadda ta haura kilo 2,000 sai tana da birkin da zai kama da kansa idan ta tsinke daga mota. Tan uku da rabin da Kawu yake alfahari da shi na tirela mai birki ne. Tasa ba ta da shi, don haka iyakarsa ta gaskiya ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da yake faɗa ba.

Ga masu fikof akwai wani tarkon. Tsohuwar Ford Ranger mai ƙofa huɗu da aka sayar a Ostireliya an ba ta cikakken nauyi 3,200, jan tirela 3,500, amma jimillar su biyun a haɗe 6,000. Haɗa na farko da na biyu ka ga 6,700. Ma'ana ba za ka cika mota ka kuma cika tirela a tafiya ɗaya ba, sai ɗaya ta bar wa ɗaya kilo 700. Lambobin motocin da ake kawowa ƙasashen Gulf ba lallai su zo ɗaya da na can ba, littafin motarka ne hujja, amma salon lissafin ɗaya ne. Fikof mai ƙofa huɗu kuma yawancin bodinta yana bayan aksil ne. A tara nauyi a can ƙarshe, a ƙara tirela, a shiga hanya mai gargada da gudu, shasi yana iya lanƙwashewa a tsakanin kai da bodi. Ita shas, wato Land Cruiser ƙirar 70 da makiyayan raƙuma ke ji da ita, ta fi haƙuri da lodi, amma ita ma da farantinta.

Me doka ta ce a nan Saudiyya? Mizanin da ke kan manyan hanyoyi na manyan motocin kaya ne, ba a kiran mai jif ya hau, shi ya sa mutane suke ɗauka maganar nauyi ba ta shafe su ba. Amma dokar hanya ta shekarar 1428 Hijira, wato 2007, da ƙa'idojinta sun taɓo lamarin ta fuskoki da yawa. Lasisin tuƙi na mota mai zaman kanta yana tsayawa ne a abin hawan da cikakken nauyinsa bai wuce kilo 3,500 ba. Ɗaukar mutane fiye da adadin da ke istimara laifi ne mai tara. Yi wa jikin mota canji ko ƙari ba tare da bin hanyar hukuma ba laifi ne, haka ma jan tirelar da ba ta cika sharuɗɗa ba, kamar fitilu da abin mayar da haske. Sannan ga ranar da ba a fata. Idan hatsari ya auku, murur, wato 'yan sandan hanya, ko Najm, kamfanin da ke duba hatsarin motoci masu inshora, suka rubuta rahoto, kamfanin inshora zai duba yadda aka yi amfani da motar, kuma idan cunkoson mutane fiye da ƙa'ida ne ya jawo hatsarin, yana da damar ya biya wanda aka cuta ya dawo ya bi ka kuɗinsa. Kafin ka maƙala tirela, tambayi kamfaninka ko tana cikin takardar, ka kuma tambaye su hukuncin tuƙi a cikin sahara, a rubuce ba da baki ba.

A Ostireliya, inda yawo da karafan, wato tirelar da ake kwana a cikinta, ya zama al'ada, 'yan sanda da jami'an sufuri sukan kafa sikelin tafi-da-gidanka a bakin hanya su auna motocin masu yawon shaƙatawa. A can ma ne ake da tsarin ƙara wa mota cikakken nauyi a hukumance: a canza sifirin da shoka, injiniya mai izini ya gwada ya sa hannu, a manna sabon faranti. Na kawo wannan ne saboda abin da muke yi a nan kama yake da shi a ido, amma ba shi ba ne. Mutum ya je warsha, wato gareji, a sa masa sifirin mai tauri ko balan-balan ɗin iska a baya, mota ta miƙe tsaf, ya ce an gama. A ganina wannan gammo ne. Gammo yana sa kai ya ji daɗin ɗauka, amma tulun bai ragu da ko ɗigo ba. Aksil ɗin na jiya ne, boris ɗin na jiya ne, birkin na jiya ne, lambar da ke faranti ba ta motsa ba. Har gara motar da ta zauna, ita tana faɗa maka gaskiya.

Taya ita ce ke biyan bashin duk wannan. A gefen kowace taya, bayan lambobin girma, akwai wata lamba da harafi, misali 116H. Lambar 116 tana nufin kilo 1,250 ga taya ɗaya, 112 kuma 1,120, 120 kuwa 1,400. Amma wannan ƙarfin da cikakkiyar iska ne. Idan aka isa yashi aka yi tansim, aka sauke iskar daga 35 zuwa 18 ko 15 don kada a kafe, abin da tayar za ta iya ɗauka ya ragu sosai. A cikin yashi da tafiyar hawainiya ba matsala. Matsalar tana zuwa ne wajen fita, lokacin da kowa ya gaji, yara suna kuka, aka ce bari mu ɗan taɓa zuwa banshar na gaba, wurin mai faci. Taya mai ƙarancin iska da lodi mai yawa tana lanƙwasa tana miƙewa sau ɗaruruwa a minti ɗaya, zafi yana taruwa a cikinta, kuma lahanin ba ya nunawa a waje. Tana iya fashewa ranar, tana iya jira sai wata tafiyar a tsakiyar Yuli a hanyar Madina. Famfon iska mai aiki da batir yana cikin 'yan kayan da ban taɓa cewa a sauke ba. Tayoyin tirela kuma su ne marayu: sukan shekara a rana ba a taɓa su ba, zanen yana nan kamar sabo, robar ta bushe. Lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT su ne mako da shekarar da aka yi ta.

Tun 2018 aka ɗaga iyakar gudu zuwa kilomita 140 ga ƙananan motoci a wasu manyan hanyoyi, ciki har da ta Makka zuwa Madina da ta Riyad zuwa Ɗa'if. Allon bai san kana jan tirela ba. Ƙarfin da birki zai kashe yana ƙaruwa daidai da nauyi, amma da gudu ninkin-ba-ninki yake tafiya: daga 100 zuwa 140 ya kusa ninka biyu. Sai kuma gangaren Hada, inda hanya ke sauka daga tsayin kusan mita 2,000 zuwa kwarin Makka cikin kwana-kwana. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama da tan huɗu da rabi a bayansa, zafi zai taru har man birki ya tafasa. Man DOT 3 sabo yana jure digiri 205, wanda ya tsufa ya sha danshi kuwa a 140 yake tafasa, kuma da ya tafasa feda sai ta nutse har ƙasa ba ta kama komai. A sauko da ƙaramar giya injin ya riƙe motar, mai tirela kuma hanyar Sail ta fi masa kwanciyar hankali ko da ta fi tsawo.

Rufi ba sai an daɗe a kansa ba. A motoci da yawa abin da aka yarda ya ɗauka ana tafiya bai wuce kilo 75 zuwa 100 ba, kariyar kanta a ciki. Jarkokin ruwa a sama su ne ke kifar da mota idan ta gitta tudun yashi a karkace.

Duk wannan lissafin na takarda ne, kuma na lura mutum kullum ragi yake yi wa kayansa. Maganin gardama mizani. Ana samunsa a wuraren sayen ƙarafan sikirab, da kasuwannin abincin dabbobi, da masana'antun bulo, kuma da 'yan riyal kaɗan mai tsaron zai bar ka ka hau. A je da mota yadda za ta yi tafiyar, tanki cike, ruwa cike, mutane a kujerunsu. A fara ɗora tayoyin gaba kaɗai a rubuta. A shigar da motar duka, tirela tana maƙale amma tayoyinta suna waje, a rubuta. Na biyu a cire na farko, an sami nauyin aksil ɗin baya. A ja gaba har tirelar ta hau ita ma, an sami jimilla. Sannan a kwance tirelar a sake auna motar ita kaɗai: bambancin da aka samu da awo na biyu shi ne abin da ke kan ƙwallo. Irin wannan babban sikeli yawanci da ashirin-ashirin yake ƙirga, don haka wanda ya ga saura kilo 20 ya ɗauka babu saura.

Da ƙyar na shawo kan Kawu muka bi ta wani mizani da safe kafin mu kama hanya, shi ma don ya kunyata ni ya yarda. Mai tsaron ya leƙo ta taga ya miƙo 'yar takarda. Kawu ya sa tabarau, ya duba takardar, ya buɗe ƙofa ya sunkuya ya duba farantin, ya sake duba takardar. Tirelar ba ta kai ko rabin tan uku da rabi ba, a nan ya yi gaskiya. Aksil ɗin baya kuwa ya wuce iyakarsa da nisa. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To yanzu wa za a sauke? Gwaggonka?"

Ba a sauke kowa ba. An kira yayana ya fito da tasa motar, aka raba mutanen gida biyu. Jarkoki uku aka zubar da ruwansu a gindin wata bishiya, tunda akwai inda za a cika a gidan mai na ƙarshe kafin a bar kwalta. Janareta ya koma tsakiyar tirela a kan aksil, kafet ɗaya ya koma gida. Gwaggo dai ba ta yarda an taɓa jakarta ba, kuma har muka dawo ba wanda ya san abin da ke ciki.